Abin toshe kunne na makaɗa: aikin wani asibitin kunne a Jidda

Makaɗan da ke raya bukukuwan Hausawa a Jidda da Makka sukan kwana a gaban lasifika, musamman a zaurukan biki da ake rufewa ruf saboda na'urar sanyaya ɗaki, inda sautin kalangu da fiyano ba ya samun hanyar fita. Masana sun ƙayyade cewa kunne yana iya ɗaukar ƙarar desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci gida biyu, ta yadda a desibel 100 minti 15 kacal ya rage wa mutum. Ƙananan gasusuwan da ke can cikin kunne kuwa, idan suka lalace ba sa sake tsirowa.

Wannan ne ya kai ni wani ƙaramin asibitin kunne a Jidda, wanda ke yi wa makaɗa abin toshe kunne daidai da awonsu. Da farko likita takan leƙa kunnen don ta tabbatar babu datti, sannan a shigar da mutum wani ɗaki mai shiru, a sa masa abin sauraro, ya riƙa danna maɓalli duk lokacin da ya ji ɗan sauti. A kan takardar sakamakon takan nuna wurin hertz 4,000 (hertz shi ne ma'aunin kaifin sauti), domin a nan ne ɓarnar ƙara ta fi fara bayyana, tun kafin mai ita ya farga. Bayan haka sai a cusa ɗan soso mai zare, a ɗura silikon mai sanyi a ramin kunnen har ya daskare, a aika da zubin wurin masu ƙerawa.

Abin da ya bambanta shi da toshen soso na kantin magani shi ne ɗan matacin da ke tsakiyarsa, irin na kamfanin Etymotic, mai rage desibel 9 ko 15 ko 25. Toshen soso yana kashe siraran sautuka, sai kiɗa ya koma kamar daga bayan bango yake fitowa. Wannan kuwa yana sassauta komai bai ɗaya, har mai kalangu yana iya jin muryar 'yan amshi da kirarin sanƙira sarai. A ganina na 15 ya wadatar da mawaƙi, amma wanda ke tsaye kusa da lasifika ya nemi na 25.

Inda aikin nasu ya gaza shi ne jira, domin zubin yakan ɗauki makonni kafin ya dawo, kuma kuɗinsa ya kai ɗaruruwan riyal. Haka nan babu mai jin Hausa a wurin, saboda haka dattijon da Larabcinsa bai nuna ba ya tafi da tafinta. Mawaƙi kuma zai ji muryarsa tana amsa kuwwa a cikin kansa a kwanakin farko, don haka ya fara gwada shi a wurin atisaye kafin ranar biki.