Hattara da masu tallan hawan Kilimanjaro a kan dala 900

Jama'a, akwai wani talla da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp da shafukan Instagram, an fi tura shi ga matasan ma'aikata masu sha'awar yawon buɗe ido. Wai za a kai mutum ƙololuwar dutsen Kilimanjaro a Tanzaniya, kwana bakwai ta hanyar Machame, ɗaya daga hanyoyin hawan dutsen, da jagora da 'yan dako da tanti da abinci, duka a kan dala 900, har da alƙawarin biza cikin mako guda. Sharaɗin shi ne ka tura rabin kuɗin kafin alƙalami zuwa asusun wani mutum, ka kuma hanzarta don wai gurbi ya kusa cika. Don girman Allah kada wanda ya tura ko kwabo. Wata 'yar uwata ta tura, bayan kwana kaɗan lambar ta daina shiga, shafin ya sauya suna ya ci gaba da talla da hotunan nan dai.

Ba sai ka taɓa zuwa Tanzaniya ba kafin ka gane ƙaryar, lissafi kaɗai ya isa. Kilimanjaro gandu ne na gwamnati a hannun TANAPA, hukumar kula da gandayen dajin Tanzaniya, kuma kuɗin shiga ba a ciniki a kansa. A shekarun nan baƙo daga wajen Gabashin Afirka yana biyan dala 70 a kowace rana, dala 50 a kowane daren da ya kwana a tanti, dala 20 kuɗin ceto, a ɗora harajin VAT kashi 18 cikin ɗari. Kwana bakwai da dare shida sun haura dala 950. Wannan na gwamnati ne kawai, ba a biya jagora ba, ba a biya mai dafa abinci da 'yan dako ba, ba a sayi shinkafa da gas ba, ba a zuba wa motar da za ta ɗauko ka daga Moshi ko Arusha, garuruwan da ke kusa da dutsen, mai ba. To wanda ya ce zai yi maka duka a dala 900, daga aljihun wa zai cike? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Maganar biza ma haka take. Najeriya da Nijar da Chadi suna cikin ƙasashen da Tanzaniya ba ta ba 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi. Sai an nema tun daga gida, hukumar shige da ficen ƙasar ta duba ta amince, kuma abin yana cin makonni. Babu dillalin da ke da ikon yi maka alƙawarin rana. Kana kuma buƙatar katin rigakafin cutar shawara, wanda tallan bai ko ambata ba.

Waɗanda ke gudu da kafin alƙalami kuɗinka kawai suka cinye. Waɗanda suka fi tayar mini da hankali su ne masu kai mutum dutsen da gaske a kan farashi mai araha, don su a jikinka da jikin 'yan dako suke fanshe ribarsu.

Abu na farko da suke yankewa shi ne kwanaki. Tunda kowace rana a gandun kuɗi ce, sai tafiyar kwana bakwai ta koma biyar, a ce maka ai kai matashi ne, ƙarfinka ya kai. Ƙarfi ba shi ne magana ba. Ƙololuwar dutsen, wadda ake kira Uhuru, tsayinta mita 5,895. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne, wato zangon da za ka kwana a daren farko a hanyar Machame ma ya fi shi tudu. A can sama iskar oksijin da mutum ke samu a kowane numfashi kusan rabin wadda ya saba da ita ce a ƙasa, jiki kuma ba ya sabawa sai da lokaci. Shi ya sa kamfanonin kirki ke hawa da mutane har Lava Tower, wajen mita 4,600, da rana, sannan su gangaro da su Barranco su kwana, domin jiki ya ɗanɗana tudun kafin ya zauna a cikinsa. Idan aka yi gaggawa, abin yana farawa da ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci. Idan aka matsa, ruwa yana iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, mutum ya riƙa tangaɗi yana magana ba kan gado. Waɗannan biyun suna kisa, kuma maganinsu na farko shi ne a sauko da mutum nan take. Jagoran da ya san aikinsa yana auna oksijin ɗin jininka safe da yamma, yana ɗauke da tukunyar oksijin ta gaggawa, yana kuma da zuciyar ce maka ka juya ko da ƙololuwar na gabanka. Wanda aka ɗauko da araha sau da yawa ba shi da ko ɗaya daga ciki.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu musamman. Mai cutar sikila bai kamata ya kusanci irin wannan tudun ba, mai AS ma da yake jin kansa garau yana iya samun matsalar saifa idan oksijin ya yi ƙaranci. A ƙasar da AS ta yi yawa irin tamu, duk mai shirya irin wannan tafiya da bai tambaye ka rukunin jininka da hawan jini da asma ba, bai ce ka ga likita ba, to ba lafiyarka ce a gabansa ba. Na karanta tallan nan daga sama har ƙasa, babu kalma ɗaya a kan lafiya, babu maganar inshora. Alhali dala 20 ɗin ceto ba ta haɗa da jirgi mai saukar ungulu ba. Jirgin na kamfani ne mai zaman kansa, sai kana da inshorar da ta rubuta ƙarara cewa ta ɗauki hawa har mita 6,000, in ba haka ba a gadon ƙarfe mai taya ɗaya za a gangaro da kai.

Sai 'yan dako, talakawa ne masu neman abin kai wa iyali. Ƙa'ida ita ce kada kayan da kowannensu zai ɗauka wa kamfani su wuce kilo 20, ana kuma aunawa a ƙofar gandu. Masu araha suna rage yawansu, su danne musu lada, su bar su da abinci sau ɗaya a rana da takalmin da bai dace da ƙanƙara ba. Ni dai ban ga daɗin hoton ƙololuwa da aka samu da haƙƙin wani ba. Akwai ƙungiyar KPAP a Moshi da ke sa ido kan yadda ake mu'amala da 'yan dako, tana kuma wallafa sunayen kamfanonin da take aiki da su a intanet.

Ba a hawa Kilimanjaro sai ta hannun kamfani mai rajista da lasisi a Tanzaniya, tare da jagora mai lasisi. Ke nan duk wanda ke tallan tafiyar daga Kano ko Abuja ko Yamai dillali ne. Dillanci ba laifi ba ne, amma ka ce ya ba ka sunan kamfanin da zai hau da kai. Ka nemo adireshin kamfanin da kanka, ba wanda ya turo maka ba, ka rubuta musu ka tambaya ko sun san shi, ko kuma sunanka na cikin tawagar wannan ranar. Ka nemi jadawalin zango-zango a rubuce, da takardar da ta ware kuɗin gandu daga sauran. Kuɗi kuma asusun kamfani ake tura su, ba na mutum ba. Ka lura da watan da aka sa, don Afrilu da Mayu damina ce mai ƙarfi a can.

Wanda ya riga ya tura, ya kira bankinsa yau ɗin nan ya shigar da ƙorafi, ya adana rasit da hirarsu da hoton tallan kafin a goge, ya kai wa EFCC ko 'yan sanda. Kada kunya ta hana ka faɗa a guruf ɗin da ka ga tallan, don har yanzu akwai waɗanda ke haɗa kuɗin da za su tura.