Sharhi: rangadin yini ɗaya daga Atens zuwa Delfi

Duk wanda ya sauka a Atens, babban birnin Girka, kamfanonin yawon buɗe ido za su dame shi da tallan tafiya Delfi, tsohon wurin bautar gunki na Girkawan da. Na biya na bi ɗaya daga cikinsu, kuma kuɗina bai tafi a banza ba, sai dai akwai gyara.

Motar ba laifi, mai sanyi ce, tafiyar wajen awa biyu da rabi har gangaren dutsen Parnasos. Abin da ya ci kuɗinsa shi ne matar da ta yi mana jagora. Ba ta ɓata lokaci kan zancen hayaƙin da ake cewa yana fitar da Pitiya, bokanyar gunkin Apollo, daga hayyacinta ba. Sai ta tsayar da mu gaban 'yan ginshiƙan da suka rage na haikalin, ta yi bayanin yadda Girkawa, tun ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa, suke zuwa nan neman izini kafin su haye teku su kafa sabon gari. Jagoran ƙaura ne ke zuwa, sannan a ɗebi wuta daga murhun tsohon gari a tafi da ita.

Labarin Kirene ya fi kama ni. Fari na shekara bakwai ya addabi tsibirin Tera na Girka, bokanya ta ce su bi wani mai suna Battos zuwa Libiya. Suka ji tsoro, suka maƙale a wani ɗan tsibiri kusa da gaɓa, suka dawo suna kukan ba su ga alheri ba. Aka ce musu ai ba su ma taka Libiya ba tukuna. Wajen shekara ta 631 kafin haihuwar Annabi Isa suka kafa garin Kirene, wadda kufanta ke kusa da Shahhat a yau. A ganin jagorar, Delfi matattarar matafiya ce, don haka masu hidimar haikalin suna jin labarin inda ruwa da ƙasar noma suke, kuma izinin gunki yana toshe bakin mai ja da jagoran ƙaura. Na yarda da ita. Ta kuma faɗi gaskiya cewa yawancin waɗannan amsoshi bayan an daɗe da kafa garuruwan aka rubuta su.

Inda aka ɓata min rai shi ne gidan kayan tarihi. A gurguje aka wuce da mu gaban mutum-mutumin tagulla na mahayin keken doki, wanda har gashin idonsa yana nan, kyautar mai mulkin Gela ta Sisili, garin da shi ma 'yan ƙaura suka kafa. Ba a sauka da mu inda taskar ajiyar kyaututtuka ta mutanen Masaliya, wato Marsai ta Faransa, take ba, amma an samu lokacin tsayawa a shagon tsaraba.

Hawan akwai tudu, duwatsun kuma da santsi, a sa takalmi mai kama ƙasa a riƙe ruwa. Wanda tarihi ya kawo shi, gara ya kwana a garin Delfi ya ɗauki jagora na kansa.