Bajaj Boxer BM100 a hannun ɗan koyo: yadda yake ɗaukar faɗuwa a yashin Kaduna

Duk wanda ya ce yana neman babur na koyo a Kaduna, Boxer ake nuna masa, kuma hujjar ba ta wuce biyu: ba ya shan mai, kayan gyaransa kuma ko'ina akwai. Haka ne. Sai dai akwai ma'aunin da ba a cika ɗora shi a kai ba, alhali shi ya fi shafar ɗan koyo. Ranar da babur ya kayar da kai a yashi kana tafiya sannu, me zai lalace, kuma gyaran zai ci rai ko kuwa? A nan Boxer ya taka rawar gani, ban da wuri biyu: tayar gaba da salansa.

Faɗuwar kusan iri ɗaya ce kullum. Ruwan damina yakan kwaso yashi daga lungunan da ba kwalta ya zube shi daidai inda suka haɗu da titi, kamar yadda ake gani a Rigasa, Kinkinau, Unguwar Mu'azu da Hayin Banki. Da rani kuma burji ya bushe, tsakuwa ta saki. Ɗan koyo ya zo kwana, ya karya kan babur, ya ji tsoro, ya damƙe birkin gaba. Tayar da ke kan yashi ba za ta iya kwana da birki a lokaci guda ba, sai ta sulale, kafin ya sauke ƙafa yana ƙasa.

Tayar gaban Boxer siririya ce, 2.75 a kan rim mai inci 17, kuma zanenta na kwalta ne. A yashi mai zurfi nitsewa take tana yawo. Abin da ke ƙara ɓata ta shi ne iskar da wasu masu faci ke bugawa har taya ta koma kamar dutse, domin sun saba da masu ɗaukar kaya. Mai tafiya shi kaɗai, 25 a gaba da 28 a baya ya isa a ma'aunin iska, baya ta kai 32 idan da goyo. A auna da geji, ban da matsawa da yatsa. Birkinsa kuwa na ganga ne gaba da baya, ba faifai ba, kuma wannan alheri ne ga mai koyo, domin ba ya cizo farat ɗaya. Amma fa yana kulle taya a yashi idan an damƙe shi, babu na'urar da za ta hana.

Idan ya faɗi, fara kashe makulli, ka rufe famfon mai. Kada ka yi gaggawar ɗaga shi don kunyar 'yan kallo da ke ta "sannu Malam, sannu". Nauyinsa ya haura kilo 100, kuma masu sunkuyawa su fizge shi da ƙarfin baya su ne ke kwana da ciwon ƙugu. Ka sa shi a giya don kada ya gangara. In a dama ya kwanta, fara buɗe jak ɗin gefe, shi zai tare shi idan ya miƙe. Juya masa baya, ka tsuguna ƙugunka a jikin kujera, hannu ɗaya a kan hannun babur na ƙasa, ɗaya a kariya, wato ƙarfen ɗaura kaya na baya, ka tura da ƙafafu. Kariyar Boxer mai ƙwari ce, tana ba da wurin riƙo mai kyau.

Ya ƙi tashi bayan haka? Ba lalacewa ya yi ba, mai ne ya cika kafireta. Ka bar shi tsaye kamar minti biyar, ban da jan cok, abin da ake ja don tayar da inji cikin sanyi, ka murɗa totur har ƙarshe ka buga kik sau da yawa, da ya kama ka sassauta. In ya ƙi, a kwance fulogi a goge. Idan ya daɗe a kwance, a duba yawan baƙin mai, a leƙa matatar iska ko mai ya jiƙa ta.

Gefen da ya kwanta shi ke faɗa maka abin da za ka saya. A dama: hannun birki, robar totur, madubi, fedar birki, salansa. A hagu: hannun kuloci, madubi, fedar giya, sigina. Duk waɗannan ƙananan kaya ne, kowane shagon kayan babur daga Kawo zuwa Kakuri yana da su, bakanike ya ɗaura cikin awa guda. Nan ne Boxer ya fi baburan da aka lulluɓe da roba, waɗanda faɗuwa ɗaya ke fasa musu rabin jiki.

Hannun birki ko na kuloci da ya lanƙwashe, kada a miƙe shi. Alminiyom ne, ko bai karye a hannun bakanike ba ya riga ya tsage a ciki, kuma ranar da aka matse shi da ƙarfi ranar zai balle. A sauya, a daidaita wayar kuloci ta bar wasa na milimita 2 zuwa 3. Wata dabara da masu hawan daji suka sani: kada a ɗaure maƙalar hannayen nan tamau, a bar ta yadda bugu zai iya juya ta. Sai ta juya maimakon ta karye.

Sai karkacewar kai. Kana tafiya miƙe amma hannun babur na kallon gefe. Yawanci ba abin da ya lanƙwashe, shokozoban gaba ne suka murɗe a cikin maƙalarsu. Maganin bakin hanya, wato matse taya tsakanin gwiwoyi a fizgi kai, zai kai ka gida kawai. Gyara na gaskiya shi ne a sassauta notin taya da kusoshin da ke riƙe shokozoba, a riƙe birki a danna gaban babur sau biyar ko shida har komai ya koma mazauninsa, sannan a ɗaure. Idan bayan haka yana nan a karkace, ƙarfen hannun ne ya lanƙwashe, a sayi sabo, kada a gasa shi da wuta. Mai da ke tsatsa a jikin shokozoba, ko ƙara "ƙas" a wuya idan an kama birki, alamar lalacewar sil, robar da ke tare mai, ko boris ɗin wuya ne.

Wurin da ke cin kuɗi ɗaya ne: sandar giya. Fedar giya ta daki ƙasa da ƙarfi, bugun ya wuce zuwa sandar da ta shiga cikin inji. In giya ta fara tauri, ko fedar ta daina komawa, ko mai na ɗiga a gindinta, sai an buɗe murfin inji. Don haka a cire fedar kafin a miƙe ta, kada a zura mata bututu a lanƙwasa tana jikin babur. Ƙarfen kare ƙafa na gaban inji shi ke hana mafi yawan wannan ɓarna, kuma wanda nasa babu ya sa. Masu walda a Panteka suna yi, amma a zaɓi bututu mai kauri, na sirara naɗewa yake ya danne ƙauri.

Salansa ita ce laifin Boxer na biyu. Tana dama, kuma idan babur ya danne ƙafa, ƙunar da take yi wa sha-raɓa ta fi ƙujewar zafi da daɗewa. A zuba ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, har minti 20. Ban da baƙin mai, ban da man goge baki, ban da gishiri, kuma kada a fasa bororon.

Ƙujewar yashi tana son wanki sosai da ruwa mai tsabta da sabulu har sai ba sauran ƙwayar ƙasa, domin wadda aka bari ita ke kawo ruɓa, ta bar baƙin tabo. A rufe da bandeji mai tsabta, a sauya kullum. Wanda allurar tetanus ɗinsa ta wuce shekara 5, ko bai san yaushe aka yi masa ba, ya je a yi. Abin da ya fi ruɗin mutane shi ne wuyan hannu. Mai faɗuwa da tafi yake dafa ƙasa, kuma akwai ƙaramin ƙashi a gindin babban yatsa da ke tsagewa a ɗauka targaɗe ne. Hoton farko ma yakan kasa nuna shi, sai an maimaita bayan kwana 10 zuwa 14. In wurin na zafi idan an danna, a fara da asibiti, Barau Dikko ko Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, kafin a yi maganar mai ɗori, domin jan hannun da ya tsage ƙara ɓata shi yake. Kai kuwa in ya bugu, amai, jiri, yawan barci ko ciwon kai mai ƙaruwa ba abin jira ba ne ko da dare ne. Hular kwanon da ta daki ƙasa ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga ba, domin soson ciki ya riga ya matse.

Komawa kan babur kada ta daɗe da zarar hannu ya iya matse birki ba zafi, saboda tsoro sandarar da hannu yake, sandararren hannu kuma shi yashi ke kayarwa. A nemi fili mai ƙasa inda ba mota, a sa takalmi rufaffe maimakon silifas. Giya ta biyu, totur daidai ba ƙari ba ragi, gwiwoyi a matse da tanki, ido can gaba. A rage gudu tun kafin a shiga yashin, babur a miƙe, in ana cikinsa kuma birkin baya kaɗai, a hankali. Injin Boxer yana ja a ƙaramin gudu ba tare da fizga ba, kujerarsa kuma mai matsakaicin tsawo yana dafa ƙasa daga kanta, shi ya sa wannan atisayen ya fi sauƙi a kansa.

Ga mai koyo da gidansa ke cikin lungu, Boxer ya cancanci kuɗinsa. Wanda hanyarsa ta kullum burji ce da yashi, idan tayar gaba ta cinye ya musanya ta da mai zane manya.