Wata shida ina koyarwa da ƙafar roba ta hanyar Ponseti

Ina aiki a sashen gashin ƙashi, kuma ni ne nake koya wa sababbin ma'aikata yadda ake gyara murɗaɗɗiyar ƙafar da ake haihuwar jarirai da ita, wadda ake samu a kusan jariri ɗaya cikin kowane dubu. Wata shida da suka wuce na sayi kayan gwaji guda biyu: ƙafar jariri ta roba, da kuma ƙwarangwal ɗin ƙafa wanda aka ɗaure ƙasusuwansa da zaren roba a madadin jijiyoyi.

Ƙwarangwal ɗin shi ne ya biya ni kuɗina. Hanyar gyara irin wannan ƙafa da likita Ignacio Ponseti ya ƙirƙiro a Jami'ar Iowa ta Amurka ta dogara ne kacokan a kan wurin da mai gyara zai ɗora babban yatsansa, wato kan ƙashin talus (ƙashin idon sawu da ke zaune bisa ƙashin dunduniya) ta gefen waje, sannan ya riƙa juya gaban ƙafar zuwa waje a hankali. Na shekara ina bayyana wannan da baki da zane a allo, amma sau da yawa ɗalibi yakan kai yatsansa kan ƙashin dunduniya, alhali danna shi ne yake hana dunduniyar juyawa. Da ƙwarangwal a hannu kuwa, ɗalibi yana gani da idonsa yadda ƙashin nabikula (wani ɗan ƙashi a tsakiyar ƙafa) yake komawa gaban talus, da yadda ƙashin dunduniya yake zamewa a ƙarƙashinsa ba tare da an taɓa shi ba. Haka nan yana nuna dalilin da ya sa ake fara ɗaga ƙashin da ke bayan babban yatsa domin a daidaita ramin tafin ƙafa, matakin da yake ruɗa mutane saboda a ido kamar ƙara murɗe ƙafar ake yi.

Ƙafar robar ba ta gamsar da ni haka ba. Tana da amfani wajen koyon naɗa filasta, wato simintin ɗaurin ƙashi, daga yatsu zuwa cinya tare da lanƙwasa gwiwa digiri 90, sai dai ta cika biyayya: duk inda aka juya ta can take tsayawa, ba ta shure-shure, ba ta kuka, kuma babu kitsen da yake ɓoye kan talus kamar yadda yake yi a ƙafar jariri mai ƙiba. Wanda ya ƙware a kanta yakan ɗauka ya gama, sai ranar da uwa ta miƙa masa ɗanta. Ba a kuma iya gwada yankan agara da ita, ga shi mafi yawan yaran suna buƙatarsa kafin filastar ƙarshe ta mako uku.

Zaren robar ya fara saki a watan Afrilu saboda zafi, har na sauya guda biyu da kaina. Na kuma so a ce an haɗa da samfurin takalmi mai sanda a tsakani da ake sa wa yaro bayan an cire filasta, domin sa shi awa 23 a rana tsawon wata uku, sannan da daddare har yaro ya kai shekara huɗu ko biyar, shi ne inda iyaye suka fi gajiya, kuma daga nan ƙafar take komawa gidan jiya. Sashen da kuɗinsa bai kai ya sayi duka biyun ba, ya sayi ƙwarangwal ɗin, ya bar koyon filasta a hannun babban ma'aikaci ranar asibitin yaran.