Ƙaramar CLK GTR da na saya wa kaina, ba wa yara ba

A wani butik kusa da Kasuwar Dole ta Damagaram na same ta, ƙaramar mota ta ƙarfe, kwaikwayon motar tsere ta Mercedes CLK GTR, tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba. Mai shagon ya ce jika ashirin, muka daidaita a sha biyar. "Alhaji, ta yara ce?" Na ce a'a, tawa ce.

Wanda bai san asalin motar ba zai ce ɓarnar kuɗi ne. A 1997 Mercedes ta ƙera CLK GTR don gasar tseren motoci ta FIA GT, dokar gasar kuma ta ce sai an yi guda 25 masu hawa titi kafin a yarda da ta tsere. Wato motar tsere aka fara yi, daga baya aka saka mata lamba da kujerun fata. Injin V12 ne, mai silinda goma sha biyu, a bayan direba, farashinta a lokacin ya haura dala miliyan ɗaya da rabi. Porsche ma haka ta yi da 911 GT1, wadda ta ci tseren awa 24 na Le Mans, ƙasar Faransa, a 1998.

Ƙaramar ta kwaikwayi uwarta sosai: ƙofofi na ɗagawa sama, murfin baya na buɗewa ka ga injin, fitilu huɗu a gaba. Cikinta ya kusa taɓa tebur. Ta gasken kam, ko kwalta ta bari zuwa lungunan tsohuwar unguwar Birni, yashi zai riƙe ta.

Aibinta: madubin gefe roba ce marar ƙwari, ɗaya ya karye tun a leda, fentin ƙofar hagu kuma bai hau daidai ba. Ƙurar hunturu na shiga cikinta, sai na sa tela ya ɗinka mata 'yar riga. Kada a biya fiye da sha biyar.