Wata Takwas Ina Amfani da Turaren J'adore

Na taso a gidan da ba a raba mace da kaskon turaren wuta, inda ake turara kaya tun kafin a goge su, kuma humrar da ake aiko wa mahaifiyarmu daga Maiduguri ita ce ma'aunin da muke gwada kowane ƙamshi da shi. Saboda haka, ranar da yayata ta dawo daga Umara ta miƙo mini kwalbar J'adore a matsayin tsaraba, na yi godiya ƙwarai, amma da na fesa shi a bayan hannuna sai na ji kamar bai kai ba, domin hancin da ya saba da ud da sandal da almiski mai nauyi ba ya saurin gane darajar abu mai sauƙi. Yau wata takwas ke nan ina amfani da shi, kwalbar mai mililita 50 ta kusa ƙarewa, kuma ra'ayina ya sauya sosai.

Kamfanin Dior na ƙasar Faransa ne ya fitar da wannan turare a 1999, kuma wata gwanar haɗa turare mai suna Calice Becker ce ta haɗa shi. Sunan da Faransanci yana nufin so mai tsanani. Kwalbar tana da faɗi daga ƙasa, ta tsuke zuwa sama kamar ƙaramin tulu, an naɗe dogon wuyanta da zobba masu ruwan zinare, shi kuma ruwan turaren launinsa kamar na zuma da aka tace. Abu ne da yake ƙawata gaban madubi ko da ba a buɗe shi ba.

Da zarar an fesa, abin da yake fara isa hanci shi ne ƙamshin 'ya'yan itace, mai sanyi da ɗan zaƙi, kamar an yanka kankana mai sanyi a kusa da wanda yake ɓare lemon tanjarin. Wannan zaƙin ba irin na alewa ba ne, zaƙi ne mai ruwa a jiki, kuma ba ya daɗewa, domin kafin in gama ɗaura ɗankwali in yafa mayafi ya fara ja da baya. A nan ne ainihin turaren yake fitowa, wato furanni, kuma a nan ne na fi son in tsaya. Akwai yasmin iri biyu a ciki, ɗaya daga garin Grasse na kudancin Faransa, inda ake tsinke furen da hannu da sassafe kafin rana ta yi zafi, ɗayan kuma irin na Indiya ne. Akwai wardi, akwai kuma wani fure rawaya da ake kira ilan-ilan, wanda tsibiran Komoros suke cikin manyan masu samar da shi a duniya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne duk ƙoƙarin da na yi na ware ɗaya daga cikinsu da hancina ban iya ba, domin an haɗa su yadda babu wanda yake danne ɗan'uwansa, sai ƙamshin ya fito kamar na fure guda da babu irinsa a kowane lambu. Bayan sallar La'asar, abin da yake saura a jiki almiski ne mai laushi, wanda sai an matso kusa ake jin sa.

Na gwada shi a yanayi biyu. A lokacin hunturu, fata takan bushe, busasshiyar fata kuwa ba ta riƙe turare, don haka kafin azahar nakan neme shi in rasa. Sai da na koma shafa ɗan basilin marar ƙamshi a wuya da wuyan hannu kafin in fesa, sannan ya riƙa kai ni yamma. A lokacin bazara kuwa, zafi yana buɗe furannin har su cika ƙaramin ofis, don haka fesawa biyu ta wadatar, ta uku takan iya damun wadda take zaune kusa da ni. A jikin mayafi ya fi daɗewa nesa ba kusa ba, domin akwai ranar da na ɗauko wani gyale da na ninke kwana uku da suka wuce, na iske ƙamshin yana nan daram.

Kuskuren da na yi a farko shi ne haɗa shi da humra, kamar yadda muka saba jera turaruka a jiki ɗaya bisa ɗaya. Humra ta cinye shi gaba ɗaya, kuɗin da aka kashe a kansa suka tafi a banza. Haka nan kayan da suka sha turaren wuta sosai ba sa barin sa ya yi numfashi. Abin da yake so shi ne jiki mai tsabta da tufa wankakkiya wadda ba a turara ba, ko wadda aka turara sama-sama tun jiya.

Game da irin macen da ya dace da ita, ƙanwata ce ta fara buɗe mini ido ba tare da ta yi niyya ba. Ita mai son a san ta iso ce, mai fara'a da yawan raha, kuma turarukan da take so masu zaƙi ne ƙwarai. Na fesa mata ranar da za mu je kamun wata ƙawarta, ta shinshina hannunta ta ce, "Yaya, wannan ai ba ya magana." A wajen taro irin wannan gaskiyarta ce, domin a cikin mata ɗari da kowace ta yi wanka da humra babu wanda zai ji shi. Amma kwana kaɗan bayan haka na je gaishe da gwaggonmu, wadda ta yi shekaru tana shugabantar makarantar 'yan mata kafin ta yi ritaya, da na durƙusa kusa da ita sai ta riƙe gefen mayafina ta ce, "'Yar nan, wannan ƙamshi na masu hankali ne." Tun daga ranar nake kallon turaren da fuskarta a raina.

Turare ne na mace mai kamun kai, wadda idan ta shiga ɗaki ba ta buƙatar ɗaga murya kafin a ba ta wuri, mai tsabta da tsari, wadda ta san abin da ya dace da ita ta kuma tsaya a kai. Ba na ganin shekaru ne ma'auni, domin na san budurwa 'yar jami'a mai irin wannan natsuwa, na kuma san uwar 'ya'ya biyar da zai yi wa sanyi da yawa. Zaƙin 'ya'yan itacen da ke farkonsa yana nuna sakin fuska da sauƙin kai, furannin da ke biyo baya kuma suna nuna kima, shi ya sa nake ganin ya fi dacewa da macen da ta haɗa waɗannan halaye biyu, mai kirki amma wadda ba a yi mata wargi. Malamar makaranta, ma'aikaciyar banki, da amaryar da take son ƙamshin rana wanda ya bambanta da na dare, duk za su same shi daidai. Matan da suke keɓe turare don cikin gida kawai su ma ba za su yi asara ba, domin a kusa ne ya fi daɗi.

Yana da tsada, kuma saboda sunan da ya yi, jabunsa sun cika kasuwa. Wata abokiyar aikina ta sayo nata da araha a wani shago, muka ajiye kwalaben biyu a kan tebur, da ido da ƙyar ake bambancewa, amma nata ƙamshin sinadari ne mai hawa kai wanda ya ɓace cikin rabin sa'a. Duk wadda za ta saya, ta nemi amintaccen wuri, ta fesa a fatarta, ta tafi harkokinta na sa'o'i uku ko huɗu kafin ta yanke shawara. Ni dai na mayar da kwalbata cikin kwalinta a cikin durowa, nesa da rana, kuma na riga na faɗa wa yayata cewa idan Allah Ya sake kai ta, mai mililita 100 nake so, ni zan biya.