re ko pyparsing: wanne zai tsince maka farashin hatsi?

Malam, ka ce yaron shagonka a nan Daura yana turo maka farashi daga kasuwar Mai'adua, layi-layi: `gero = 45,000`, `gyaɗa = 62,500`. Kana so Python ta tsinci kowane suna da lambarsa ta zuba a teburin sunaye, wato `dict`, sai ka rasa wanne za ka ɗauka, re ko pyparsing. Dukkansu laburare ne na Python: re tana tsintar rubutun da ya dace da siffar da ka ba ta, pyparsing kuma tana karanta rubutu bisa ƙa'idojin da ka tsara mata.

In dai layukan ba za su wuce haka ba, re ta ishe ka. Tana zuwa ne tare da Python, ba sai ka ƙona data ba, kuma layi biyar na umarnin Python ya gama aikin. Abu ɗaya za ka kiyaye: `int`, mai mayar da rubutu lamba, ba ta karɓar "45,000", za ta jefo maka saƙon kuskure na ValueError, sai ka fara cire waƙafin. Wani alherinta kuma, a Python 3 alamar `\w`, wadda re ke kama haruffan kalma da ita, ta san ɗ da ƙ da ɓ.

A nan ne pyparsing, wadda Paul McGuire ya rubuta, ta taɓa ba ni kunya. `alphas` ɗinta, wato jerin haruffan da ta tanada, haruffan Turanci ne zalla, a zuwa z. Na ba ta "gyaɗa", ta karanta "gya" ta cije. Har la'asar ta wuce ina neman laifin a wani wuri daban. Maganin kawai ka ƙara mata ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, manya da ƙanana, da hannunka.

To me ya sa duk da haka nake cewa ka ɗauke ta? Saboda na san ɗan kasuwa. Yau farashi ne kaɗai, gobe za ka rubuta `jimla = (gero + dawa) * 3`. Daga nan re ta gaza, don ba ta iya bin baka, wato ( ), a cikin wata baka. Ita kuwa pyparsing tana da `infix_notation`: ka gaya mata ninkawa na gaba da tarawa, sauran aikin nata ne. Ta ci karo da "gero", sai ka leƙa teburin ka ɗauko 45000. In babu sunan, ka tsayar da lissafin ka faɗi wanda ya ɓace. In yaron ya yi kuskuren rubutu, saƙon kuskurenta, ParseException, zai nuna maka layi da gurbin. re kuwa None, wato babu komai, za ta miƙo maka ta yi gum. Kada kuma wani ya ruɗe ka da `eval`, mai ɗaukar rubutu ta gudanar da shi a matsayin umarnin Python. Duk abin da aka turo a saƙo za ta zartar da shi a kwamfutarka.

Wani tarkon a pyparsing shi ne `parse_string`, umarnin da ke karanta layin: in ba ka sa `parse_all=True` ba, lambar da laburaren ya tanada za ta karanta 45 ta watsar da ",000" ba ko tari. Buhun gero ya koma naira 45 ke nan. Ka rubuta taka ƙa'idar lambar mai karɓar waƙafi, ka kuma bari a gama karanta layin kafin ka rubuta a teburin, don laburaren kan gwada hanya ya ja da baya.

In akwai kwabo a lissafin, ka ajiye lambobin a nau'in `Decimal` maimakon `float`, domin a `float` 0.1 da 0.2 ba sa ba da 0.3 cif.